Bikin Furanni a Ƙasar Waje: Ɗa'ifa, Istanbul, Holan ko Maroko, Ina Ya Dace Mutumin Gombe Ya Nufa?

Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu, lokacin da rana ke gasa mu a Gombe har ma'aunin zafi ya haura 40, a lokacin ne wasu garuruwan duniya ke bikin furanninsu. Hotuna su cika Facebook da TikTok, gonaki ja da rawaya iya ganin ido, sai ka ji wanda Allah ya hore wa yana cewa baɗi da shi za a yi. Kuɗin tafiya ɗaya gare shi, wuraren kuma da yawa. Wani mai sayar da turare ne a babbar kasuwa, wata mai kwalliyar wuraren biki ce, wani malami ne a Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, wani kuma amarya kawai yake so ya fitar ta ga duniya. Ba wuri ɗaya ne ya dace da su duka ba.

Wurare huɗu zan auna: Ɗa'ifa a Saudiyya, Istanbul a Turkiyya, yankin noman furen tulif na ƙasar Holan, da Kal'at Maguna a kudancin Maroko. Akwai wasu bukukuwan da suka yi suna. A Medeyin ta Kolombiya, tun 1957 manoma ke saukowa daga duwatsu kowace shekara, yanzu a watan Agusta, suna goye da furanni a kan katako. Ciyan Mai ta Tailan na yin nata a farkon Fabrairu, Landan kuma na da baje kolin Chelsea a watan Mayu. Na ajiye su gefe ne saboda na farko da na biyu sun yi nisa, sai an sauya jirgi an kwana a hanya, na Landan kuma kwana biyar ne kacal ga tikitin shiga mai tsada. Huɗun da na zaɓa duk ƙasashe ne da mutanenmu suka saba zuwa, don ibada ko kasuwanci ko karatu.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi. Ba kuɗin shiga lambu nake nufi ba, wannan shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Daga ƙofar gidanka za ka fara ƙirga: motar Gombe zuwa Kano ko jirgi daga filin Lawanti zuwa Abuja, zuwa neman biza da kwanan otal a can, tikitin jirgi, masauki, abinci, da rigar sanyin da ba ka da ita. Ban sa farashi da naira ba, don canji ba ya zama wuri ɗaya.

Na biyu daɗewa, kuma iri biyu ce. Kwana nawa furen ke yi yana da kyau, yadda ko an samu jinkiri za ka riske shi? Sannan tsarabar da za ka dawo da ita, za ta yi ƙarko ko kuwa a hanya za ta lalace?

Na uku sauƙi: biza, tsawon tafiya, yare, abincin halal, wurin sallah, da ko dattijo ko mai goyo zai iya.

Na huɗu haɗari, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina. Mai zuwa kallon gini ko kasuwa, in bizarsa ta makara da mako uku, zai tarar da su suna nan. Fure ba ya jiran biza. Ranar da zai buɗe ba a hannun hukuma take ba, sanyi da ruwan sama ne ke yanke ta. Don haka tambayar da nake yi wa kowane wuri ita ce: in na je na tarar furen ya wuce, ko bai fito ba, me ya rage mini a garin da zai biya kuɗin jirgina?

Ɗa'ifa

Garin na kan duwatsu, kimanin mita 1,800 daga saman teku, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Makka ta hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe. Furen wardinsa ɗan ƙarami ne, ruwan hoda, ba shi da girman wanda ake gani a hoton biki, amma ƙamshinsa ne ya sa duniya ta san shi. Da ruwansa ake gauraya zamzam a wanke Ka'aba. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wannan wardi cikin jerin kayan gadon duniya. Gonakin suna yankunan Hada da Shafa, kakar tsinka kuwa daga Maris ce zuwa ƙarshen Afrilu, wajen mako shida zuwa bakwai. Bikin da hukuma ke shiryawa yakan faɗo cikin Afrilu, a yi shimfiɗar furanni a filin shaƙatawa, a kafa rumfunan masu turare.

Gaskiyar magana, filin bikin ba shi ne abin zuwa ba. Abin zuwa shi ne gona da asuba. Ana idar da sallah ma'aikata ke shiga tsakanin shukokin da kwanduna, suna tsinka da hannu da sauri, domin da rana ta ɗaga man da ke jikin furen ya fara tashi. Kafin hantsi an kai wurin dafawa. A ɗora a sikeli, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a ƙasa. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Bayan sa'o'i sai ka ga wani ɗan mai ya taso saman ruwan, kaurinsa bai kai farce ba, a sa sirinji a zuƙe shi a hankali. Fure dubu 10 zuwa dubu 15 ne ke ba da tola ɗaya, wato kimanin giram 12. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ƙara yarda da mai cewa ga man wardin Ɗa'ifa na asali a farashin turaren feshi ba.

Kuɗi: in dama kana da niyyar Umra, ƙarin kaɗan ne, kuɗin mota da kwana ɗaya ko biyu a otal. Ka kwana a can, kada ka biye wa motocin ziyara da ke tasowa daga Makka da hantsi, don kafin su iso an gama tsinka. Umrar bayan Ƙaramar Sallah ta fi ta goman ƙarshe na azumi araha nesa ba kusa ba. Riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75, lissafi ba ya rikicewa.

Sauƙi: babu na biyunsa. Jirgi daga Kano zuwa Jidda bai kai awa biyar ba. Abinci ba tambaya, masallaci a kowace kusurwa, Hausawa kuma ba a rasa su. Bizar Umra yanzu tana ba mutum damar zagaya ƙasar. Ga masallacin Abdullahi ɗan Abbas da kabarinsa, ga tarihin zuwan Annabi (SAW) garin, ga miƙatin Ƙarnul Manazil a hanyar komawa. Sai ka tanadi katin rigakafin shawara da sanƙarau da shan inna. Ka kuma rufe gilashin mota a hanyar Hada, birai na fizgar leda.

Haɗarin nan ɗaya ne, kuma mutane da yawa ba su lura da shi ba: kalanda. Wardi da shekarar rana yake tafiya, Umra kuwa da wata. Saudiyya na rufe ƙofar Umra kafin Hajji. A 2025 ranar ƙarshe ta shiga ita ce 15 ga Shawwal, wato 13 ga Afrilu, ta fita kuma 1 ga Zulƙida, 29 ga Afrilu. Kowace shekara waɗannan ranaku na matsowa baya da kwana 10 zuwa 11. A 2027 Zulƙida za ta kama kafin tsakiyar Afrilu, a 2028 tun cikin Maris. In tsarin ya ci gaba a haka, za a yi shekaru kakar wardi na faɗawa cikin lokacin da aka rufe Umra, bizar Hajji kuma ba ta yawo ba ce. Kafin ka ba ejan ko sisi, ka ce masa: "Alhaji, rubuta mini ranar ƙarshe ta fita bana." Wuce wa'adi a Saudiyya ba abin wasa ba ne.

'Yan'uwanmu Kirista na Billiri da Kaltungo su sani, Ɗa'ifa ba a hana kowa shiga ba, Makka ce aka keɓe, amma bizar Umra ta Musulmi ce kawai.

Istanbul

Kafin Turawa su san tulif, Turkawa sun daɗe da shi. Asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, Daular Usmaniyya ta ɗauke shi ta sa a fada, a zanen tangaran, a bangon masallatai, har shekarun 1718 zuwa 1730 na mulkin Sultan Ahmad na Uku ake kiransu zamanin tulif. Tun tsakiyar shekarun 2000 hukumar birnin ke shuka miliyoyinsa kowace shekara, watan Afrilu gaba ɗaya ya zama na biki.

Cibiyar abin ita ce lambun Emirgan, a kan tudu a gefen mashigin Bosforus, mai tsofaffin gidajen sarauta uku da aka mayar wuraren shan shayi. Akwai kuma lambun Gulhane a gindin fadar Topkapi, da filin Sultanahmet inda akan shimfiɗa furanni da siffar darduma. Ko a tsakiyar titi da shataletale za ka gan su.

Shiga lambunan kyauta ne, babu tikiti, babu yin rajista. Otal akwai na kowane aljihu, kuma da kati ɗaya na Istanbulkart kake hawa bas da jirgin ƙasa da na ruwa. Sai dai tsadar kaya ta yi wa Turkiyya yawa a 'yan shekarun nan, wanda ya je da daɗewa kada ya yi lissafi da tsohon farashi. Kuɗin shiga gidajen tarihi ga baƙi ma ya tashi sosai.

Wajen daɗewa, wata guda ake cewa, amma mako biyun tsakiya su ne gangariya. Farkon wata wasu ba su buɗe ba, ƙarshensa sun fara zubewa. Abin da ya sa hankalina ya fi kwanciya da Istanbul shi ne ko furen ya kuɓuce maka ba ka yi asara ba. Ga kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari a unguwar Eyup, ga ɗakin kayan amana a Topkapi, inda aka ajiye kayan tarihin Annabi (SAW) da sahabbai, ga masallatan Sulaimaniyya da Sultan Ahmad da Aya Sofiya. 'Yan kasuwa kuma sun san unguwannin Laleli da Merter da Osmanbey, inda ake sarin tufafi a ba masu kago. Mai shago a Gombe zai iya haɗa sari da kallo a tafiya ɗaya, ribar kayan ta rage masa zafin tikiti.

Jirgin Turkish Airlines na tashi kai-tsaye daga Abuja, awa shida zuwa bakwai. Biza sai an nema da takardu, an nuna bayanin asusun banki da shaidar aiki ko kasuwanci, don haka a fara da wuri. Abinci da sallah ba matsala. Yare ne ɗan cikas, ba kowa ke jin Turanci ba da zarar ka bar wuraren baƙi.

Haɗari: sanyi da yayyafi, ma'auni na yawo tsakanin 8 da 17. Wanda ya fito daga zafin Afrilun Gombe da 'yar shara zai kwana yana tari. Emirgan ranar Asabar da Lahadi ba masaka tsinke, ka je tsakiyar mako da safe. Hawa ne da gangara, dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya. Masu tasi na zagaye da baƙo, 'yan sane kuma na bin jirgin ƙasan da ke ratsa Sultanahmet.

Holan

In kyau zalla ake magana, a nan aka gama. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka tulif a lambun jami'ar Leiden, cikin shekara 40 da 'yan kai mutanen ƙasar suka haukace a kansa, ana cinikin ƙwaya ɗaya da kuɗin da ya fi albashin shekara, har kasuwar ta rushe a 1637. Hauka ta wuce, sana'ar ta zauna. Yau Holan ce kan gaba a duniya wajen fitar da furanni.

Lambun Keukenhof na garin Lisse, rabin awa daga filin jirgin Schiphol. Hekta 32 ne, ana shuka ƙwaya wajen miliyan 7 da hannu kowace shekara, an kuma fara buɗe shi ga jama'a a 1950. Mako takwas kawai yake yi a buɗe, daga wajen 20 ga Maris zuwa wajen tsakiyar Mayu, amma mutum sama da miliyan ɗaya ke shiga. Akwai kuma jerin gwanon motocin da aka lulluɓe da furanni, wata Asabar cikin Afrilu, daga Noordwijk zuwa Haarlem, tafiyar kilomita 42.

Mako takwas ɗin nan na yaudarar mutane. Wanda ya je cikin Maris zai ga wasu furannin masu saurin fitowa, amma gonakin tulif da ya gani a hoto kore ne shar, ba su buɗe ba. Wanda ya je a makon farko na Mayu zai iya tarar da manoma sun bi da inji sun sare kawunan furen. Da gangan suke yi, domin su ba furen suke sayarwa ba, ƙwayar da ke ƙasa ce, mai kama da albasa, kuma sai an cire furen take ƙiba. Lokacin da ya fi tabbas shi ne tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshensa, shi ma yana motsawa gwargwadon sanyin shekarar. A cikin Keukenhof kansa an tsara shukar hawa-hawa yadda kullum akwai abin gani, ga rumfunan gilashi, don haka ba za ka dawo hannu rabbana ba. Gonakin waje kuwa na mutane ne, ba a shiga tsakiyarsu don ɗaukar hoto.

Tikitin shiga wajen yuro 20 ne, ana saye ta intanet da rana da sa'a. Wannan ba komai ba ne. Kuɗin biza yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, ga inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin yuro 30,000. Otal a Amstadam na cikin mafiya tsada a Turai, da harajin baƙi kashi 12.5 cikin 100 a kai. In tafiyarka ta haɗu da hutun Ista ko Ranar Sarki, 27 ga Afrilu, farashi ya ƙara sama, garin kuma ya cika da shagali da shaye-shayen da mai iyali ba zai so ba. Kwana a Leiden ko Haarlem ya fi.

Babban haɗarin shi ne bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai. A 2023 da 2024, sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema an hana su, kuɗin kuma ba a mayarwa. Sabon fasfo wanda ba a taɓa buga masa hatimi ba, da asusun da aka zuba wa kuɗi dare ɗaya, su ne aka fi yi wa kallon tuhuma. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, mai son Afrilu ya fara tun Nuwamba ko Disamba. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Kada kuma ka yarda wani ya haɗa maka takardun bogi, in aka gano, ƙasashe 29 ka rufe wa kanka.

In ka samu shiga, komai a tsare yake. Jirgin KLM na ƙasar Holan na tashi daga Legas kai-tsaye, daga Abuja kuma ana bi ta Faransa ko Jamus ko Turkiyya. Kusan kowa na jin Turanci. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, keken guragu na shiga ko'ina a lambun. Abincin halal na samuwa a shagunan Turkawa da 'yan Maroko a manyan garuruwa, amma ba a ƙauyukan gonaki ba, sai ka yi guzuri. Ga mai sana'ar fure akwai wani abin da ya fi lambun amfani: kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer kusa da filin jirgi, inda baƙo ke tsayawa a kan baranda da sassafe ya ga yadda ake jigilar miliyoyin furannin da suka kwana a jirgi daga Kenya da Habasha.

Tsaraba kuwa, kada ka wahalar da kanka. Ƙwayar tulif sai ta sha sanyi ƙasa da digiri 9 na wajen wata uku kafin ta yi fure, hunturun Gombe bai kai nan ba. Shigo da shuka Najeriya ma sai da izinin hukumar killace kayan gona.

Kal'at Maguna

Wannan ƙaramin gari ne a bayan duwatsun Atlas, kimanin kilomita 90 daga birnin Warzazat. Dangin wardin Ɗa'ifa ake nomawa, amma a nan shinge ake yi da shi a kewaye gonakin alkama da sha'ir a bakin kogi. Mata ke tsinka da asuba daga Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sai an tara tan 3 zuwa 4 kafin a samu lita ɗaya ta mai. Bikin na zuwa ne a farkon Mayu, kwana uku zuwa huɗu: kasuwa, kaɗe-kaɗe da raye-rayen Berber, 'yan asalin yankin, motoci masu ado, da zaɓen sarauniyar wardi. Yara na tsaye a bakin titi suna miƙa wa matafiya sarƙar fure. Cikin huɗun, wannan ne bikin da mutanen gari ke yi don kansu, baƙo ɗan kallo ne kawai.

Da ka shiga ƙasar, kuɗi ba ya gudu. Masauki da abinci da mota duk sun fi na Istanbul sauƙi. Royal Air Maroc na zuwa Kasablanka daga Legas da Abuja. Biza sai an nema. Wahalar na hanya ne: daga Kasablanka zuwa Marakesh a jirgin ƙasa, daga nan awa biyar zuwa shida a mota ta mashigar Tishka, sama da mita 2,200, hanyar da ke sa mai raunin ciki amai. Ba a cika sanar da ranar bikin da wuri ba, tunda da kaka yake tafiya, otal-otal ɗin garin kuma 'yan kaɗan ne. Kwana uku ba su da yawa, in ka kuskure da mako ɗaya shi ke nan.

Mutumin Arewa ba zai ji baƙunta a masallacinsu ba, Malikiyya ne, karatunsu Warshu irin na makarantar allo. Larabcin kasuwarsu dai daban yake, Faransanci ya fi Turanci amfani. Masu zuwa ziyarar Shehu Tijjani a Fas za su iya haɗawa, amma su sani tsakanin Fas da nan tafiyar yini guda ce cur. Wajen sayayya, ruwan wardi na gaske fari ne tas, mai ruwan hodan nan da ke cika shaguna kala aka zuba masa. Busasshen wardi na nan da araha, ba nauyi, yana kuma daɗewa, masu haɗa humra da turaren wuta za su so shi.

A taƙaice cikin jadawali

| | Ɗa'ifa | Istanbul | Holan | Kal'at Maguna |
|---|---|---|---|---|
| Lokaci | Maris zuwa Afrilu | Afrilu | Ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu | Farkon Mayu |
| Kwanakin gangariya | Mako 6 zuwa 7 | Wajen mako 2 | Mako 2 zuwa 3 | Biki kwana 3 zuwa 4 |
| Kuɗi gaba ɗaya | Kaɗan a kan na Umra | Matsakaici | Mafi tsada | Matsakaici |
| Biza | Mafi sauƙi ga Musulmi | Sai da takardu | Mafi wuya | Sai da takardu |
| Abinci da sallah | Ba matsala | Ba matsala | Sai an nema | Ba matsala |
| Tsaraba mai ƙarko | Mai da ruwan wardi | Tufafi da kayan sari | Hoto da ilimi | Busasshen wardi da ruwansa |
| Babban haɗari | Rufe Umra | Sanyi da cunkoso | Hana biza | Kuskure rana, doguwar hanya |

Wa ya dace da ina

Mai tafiya da iyaye, ko wanda bai taɓa fita ba, Ɗa'ifa. Ko ba a tarar da fure ko ɗaya ba an yi Umra. Sharaɗin kawai a duba kalandar shekarar, in Zulƙida ta riga Afrilu kamawa, a je cikin Maris a ga farkon tsinka, a haƙura da bikin hukuma.

Mai sana'ar turare, Ɗa'ifa don mai, Maroko don busasshen fure da ruwa. In jarinka bai yi ƙarfi ba, Maroko ta fi, domin tola ɗaya ta asali a Ɗa'ifa kuɗi ne mai yawa, kuma ba kowane mai saye a Gombe zai biya ba. Duk kwalbar da ta wuce mililita 100 a sa ta cikin babbar jaka, a naɗe da kyau, in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe.

Ango da amarya, da ɗan kasuwar da ke son ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, Istanbul. Ita zan ba duk wanda ya ce in zaɓa masa ba tare da dogon bayani ba, tunda ita ce ta fi yafe kuskuren rana. Haka ma wanda ba Musulmi ba kuma ba ya son wahalar Shengen.

Malamin aikin gona, ɗalibin Dadin Kowa da ya samu tallafi, mai lambun sayar da fulawa da ke son ganin inda sana'ar ta kai, da mai kwalliyar wuraren biki, Holan, in fasfonsa ya riga ya yi yawo kuma asusunsa na da tarihi. In akwai takardar gayyata daga wata makaranta ko kamfani, ya fi. Wanda fasfonsa sabo ne fil ya fara da Istanbul ko Umra bana, ya nemi Holan baɗi.

Saurayi mai ƙarfi a jika, mai son ɗaukar hoto, wanda awa shida a kan dutse ba ta dame shi ba kuma zai iya ware kwana goma don kada ranar ta kuɓuce masa, Kal'at Maguna. Ya kama ɗaki a Warzazat ko garin Bumalne da ke kusa in na garin sun cika, ya riƙa shigowa da motar haya da sassafe.